Idan Ruwa Ya Samu, Taimama Ta Ƙare

'Yan'uwa mazauna wannan unguwa tamu ta Agege da kewaye.

Abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wani yaro ya yi mana, yaron da bai wuce shekara 15 ba. Ranar wata Asabar ce bayan la'asar, muna ofishin Islamiyya muna buga takardun jarrabawar fiƙihu. Yaron yana cikin masu taya mu aiki da kwamfuta, don ya fi mu hannu a kanta nesa ba kusa ba. Sai ya nuna mana wani ɗan rubutu fari-fari a ƙasan gilashin, ta hannun dama, ya ce, "Malam, kun san abin da wannan yake nufi?" Muka ce a'a, mun dai saba ganinsa. Ya ce, "Yana nufin ba a biya kuɗin Windows ɗin nan ba. Sauran biyar ɗin kuma da ba sa nuna rubutun, mai gyara ne ya sa musu wani abu da ya ɓoye shi." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, karatun ƙwace da muka yi makon jiya, bai shafe ta ba?"

Wallahi ba mu da amsa a lokacin. Muka ce masa ya bari za mu bincika. Mun yi wata uku muna juya maganar, mun tambayi waɗanda suka fi mu sanin addini da waɗanda suka fi mu sanin na'ura, kuma abin da muka samu shi ne muke son mu baje a gabanku. Ba fatawa ba ce, don ba mu kai nan ba. Shawara ce ta ɗan kasuwa ga 'yan'uwansa.

Da farko, ga wanda bai san kan abin ba. Kwamfuta ƙarfe ce da roba, ba ta iya komai sai an zuba mata babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar yadda mota ba ta motsi sai da direba. Wadda kusan kowa ya sani a nan ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Kamfanin ba ya sayar maka da ita kamar yadda muke sayar da buhun shinkafa ya zama naka. Izinin amfani yake sayarwa, wato lasisi, da sharaɗin ba za ka kwafa ka raba ba. A Amurka kuɗin lasisin Windows 11 na gida dala 139 ne. Ku da kuke zama da 'yan canji kun san lissafin: ya haura ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Shi ya sa idan mutum ya sayo tokumbo a Ikeja, ko tasa ta lalace, sai ya miƙa wa mai gyara, a zuba masa komai da komai a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, babu mai tambayar daga ina. Mu ma haka muka yi, kuma ba mu ɗora wa mai gyaran laifi ba, don abin da muka nema ya ba mu.

To, tambayar ita ce: wannan sata ce ko ba sata ba ce?

Akwai hujjoji uku da muke ji a bakin mutane, kuma mu kanmu mun jingina da su shekara da shekaru. Ta farko, ana cewa ai ba a ɗauke wa kowa komai ba. Idan ka saci akuya, mai ita ya rasa akuya. Idan ka kwafi manhaja, tasu tana nan inda take. Magana ce mai kama hankali, amma ɗan kasuwa ya san inda ta karye. Ku tuna abin da ya sami masu shirya finafinan Hausa lokacin faifai. Mutum ya sayar da gonarsa ya shirya fim, ranar da ya fito wani ya kwafa dubu-dubu ya cika kasuwa. Faifan mai shi yana nan a shagonsa, ba wanda ya taɓa, amma ya talauce. Ba faifan aka sace ba, guminsa aka sace. Malaman zamani sun duba wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Dokar ƙasar nan ma ta haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta sa manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. Gaskiya ne akwai malaman da suka sassauta ga wanda ya kwafa don amfanin kansa kawai, ba don ciniki ba. Amma mu da muke buga takardu muna karɓar kuɗi, muke lissafin shago da ita, da wuya mu fake a wannan inuwar.

Hujja ta biyu ita ce wadda ta fi daɗin faɗa a majalisa: ai masu kuɗi ne, kuma ba Musulmi ba ne, me za su rasa? Jama'a, mu ji tsoron wannan magana, musamman mu da muke zaune a ƙasar wasu. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu. Su wane ne masu ajiyar? Mutanen garin da suka ƙi shi, har shugabanninsu suka ƙulla kashe shi. Bai ce dukiyarsu ta halatta ba. Iyayenmu da suka zo nan da fataucin goro da shanu ba su zo da banki ba, ba su zo da lauya ba. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka wurin maigida, dillali ya ba mahauci Bayarabe saniya bashi, ba takarda, sai magana. Jarinmu a Kudu amana ce. Ranar da muka fara auna halal da haram da aljihun mai kaya ko da addininsa, ranar muka ba wa wasu damar su auna namu da irin wannan mudun. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, mun yarda, farashin ya yi wa talakan Afirka nauyi. Amma tsadar kaya ba ta taɓa halatta ɗaukarsa ba.

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi, ita ce kuma ta riƙe mu: larura. Yaranmu sai sun iya kwamfuta kafin su zauna jarrabawar shiga jami'a, tunda JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Makaranta ba ta da kuɗin lasisi shida. Me za a yi? A nan ne karatun fiƙihu na aji ɗaya ya dawo mana. Wanda ya rasa ruwa ya yi taimama, sallarsa ta yi. Amma wanda randa take cike a bayan ƙofarsa, ya ƙi leƙawa don ƙyuya, ba shi da taimama. Larura tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce samuwar mafita. Abin da yaron nan da abokansa suka nuna mana shi ne cewa ruwan yana nan, ya fi shekara 30 yana nan, mu ne ba mu leƙa ba.

Sunan ruwan Linux. Ga tarihinsa a taƙaice. Akwai wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Richard Stallman, da ke aiki a jami'ar MIT. An ba su wata firinta da ke yawan cije takarda, ya nemi a ba shi asalin rubutun manhajarta don ya gyara, aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya shelanta cewa zai gina babbar manhaja da kowa zai mallaka, ya kira aikin GNU. Ya tsaya a kan 'yanci huɗu: ka yi amfani da ita yadda ka so, ka duba cikinta ka gyara, ka kwafa ka ba maƙwabcinka, ka kuma raba gyaran da ka yi. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da aikin ya rasa, ya sake ta ga duniya. Haɗuwar biyun ce ta haifar da abin da ake kira Linux a yau, kuma dubban mutane da kamfanoni a ƙasashe daban-daban ne ke ci gaba da gina ta.

Don a gane bambancin, ku ɗauki yajin tsire. Wani mai tsire zai sayar maka da ƙulli, amma ko za ka mutu ba zai gaya maka abin da ya haɗa ba. Wani kuma zai ba ka ƙullin, ya ba ka sirrin haɗin, ya ce in ka ga dama ka ƙara citta ko ka rage barkono, sharaɗinsa ɗaya: duk wanda ka ba wa naka haɗin, shi ma ka gaya masa sirrin. Wannan sharaɗin shi ne ruhin lasisin da ake kira GPL, wanda zuciyar Linux take a kansa. Ba a hana ka karɓi ladan wahalarka ba. Abin da aka hana shi ne ka kulle ƙofar da ka tarar a buɗe.

Da muka ji wannan sai muka ce, ashe mun san abin nan. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantarwa, babi guda ne ya haɗa kyauta da sadaka da hubusi da aro da ajiya da tsintuwa da ƙwace. Yaron ya tambaye mu a kan ƙarshen babin, amsar kuma tana farkonsa. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, gugansa daidai da gugan kowa. Sayyidina Umaru ya tsare gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninta na mabuƙata, mai kula da ita kuma ya ci daidai gwargwado. Ba mu ce Linux waƙafi ba ce a shari'ance, kuma yawancin masu gina ta ba don lahira suke yi ba, wasu ma albashi ake biyansu. Amma siffar ɗaya ce: abu ne da mai shi ya halatta maka da bakinsa. Wanda aka ce masa ga rijiya sha, me zai kai shi haura katangar wani don ya ɗebi ruwa da dare?

Wani zai ce araha ba ta ado, abin banza ba ya ƙarko. To, wayar Android da ke aljihunka a kan zuciyar Linux aka gina ta. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun ƙarshen 2017 dukkansu da Linux suke aiki. Jandarmomin Faransa sun daɗe da komawa kanta a ofisoshinsu. Nau'in da ya fi shahara a wurin talakawa, Ubuntu, wani ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa shi a 2004, sunan kuma daga harsunan Zulu da Kosa ya fito, ma'anarsa ta yi kusa da abin da muke cewa mutunci, wato mutum sai da mutane. Mu wanda muka sa a makaranta Linux Mint ne, don fuskarsa ta yi kama da abin da yara suka saba gani. Yana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi. Muna buga Larabci da wasali, muna buga Hausa da ƙ da ɗ da ɓ ba tare da mun yi dabara ba.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa maganar ba ta jira. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana neman wani ɗan guntu na tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, galibi na wajen 2018 zuwa sama. Wannan haƙƙinsu ne, mai kaya shi ke da ikon kayansa. Amma ku duba kwamfutocin da ke shagunanmu da makarantunmu, nawa ne suka cika wannan sharaɗin? Zaɓi uku ya rage: a ci gaba da tsohuwar ba tsaro, alhali a kanta muke shiga banki, muke ajiye sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu, wanda shi ma amana ne, ko a jefar da na'ura mai lafiya a sayi sabuwa, wanda almubazzaranci ne ga wanda ba shi da hali, ko a zuba mata abin da zai ɗauke ta wasu shekaru. Linux Mint na tafiya a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa gigabait 4 ba tare da nishi ba. Tsohuwar da muka yi niyyar ba 'yan gwangwan, yanzu ita yara suke koyon bugu a kai.

Kada kuma a manta, manhajar da aka fasa makullinta, wanda ya fasa bai yi don Allah ba. Ba ka san abin da ya cusa a ciki ba. Wanda ya bar ɓarawo ya yanka masa makullin gida, kada ya yi mamaki in ɓarawon ya riƙe ɗaya.

Sai dai ɗan kasuwa na gari ba ya ɓoye aibin haja, don haka ga aibin. Canji yana da wahala. Makon farko malamin da ke rubuta mana takardu har fushi ya yi, ya ce an ɓoye masa komai. Firinta ɗaya ta kama nan take, ɗayar sai da yara suka kwana biyu a kanta. Takardar da aka tsara da Word wani lokaci sai ta zo da layuka a karkace, sai an zauna an daidaita. Babbar matsala kuma tana wurin 'yan'uwanmu masu buga katin biki da kalanda da allon shago, don CorelDRAW da Photoshop ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP da ke maye gurbinsu, amma wanda ya shekara goma hannunsa ya faɗa a kan wancan ba zai koma gwani a wannan cikin wata guda ba, kuma maɗaba'ar da yake kai wa aiki tana iya cewa sai irin fayil ɗin da ta saba. Ko manya sun gwada sun ja da baya. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya mayar da kwamfutoci wajen 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. A ɗaya gefen kuma, jihar Schleswig-Holstein a can Jamus ɗin ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati wajen 30,000 kan LibreOffice da Linux. Ka ga ke nan ba sihiri ba ne, aiki ne da ke son shiri da haƙuri.

Saboda haka ba mu ce Windows haram ba ce, kada a je a ce liman ya faɗa. Wanda ya saya da kuɗinsa halal ɗinsa ce. Tokumbo da yawa ma suna zuwa da lasisinsu na gaskiya a jikin na'urar tun daga masana'anta, sai mutum ya sa a duba masa kafin ya tayar da hankalinsa. Wanda sana'arsa ba ta yiwuwa sai da wata manhaja ta kuɗi, to ya ɗauke ta kamar kuɗin hayar shago ko na janareta, ya sa a cikin lissafi, ya yi adashe in ta kama, ya biya. Abin da muke cewa kawai shi ne hanya ta uku da muka daɗe a kai, wato a ci ba a biya ba kuma a ce larura ce, ta toshe ga mafi yawanmu. Mai shagon da buƙatarsa ita ce wasiƙa da rasit da lissafi da intanet, da makarantar da buƙatarta ita ce koya wa yara bugu da bincike, ba su da sauran uzuri. Wahalar koyo ba larura ba ce. Sanyin ruwan asuba da ba ya cutarwa bai halatta wa mai lafiya taimama ba.

Ga wanda ya yi niyya, sannu ba ta hana zuwa. Ya fara kwashe takardunsa da hotunansa ya adana a wani wuri daban, wannan kam dole ne. Ana iya zuba Linux a kan filashi a kunna kwamfuta da ita, a gwada komai, har firinta da intanet, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. In ta yi, sai a girka. Mai kwamfuta da yawa ya fara da ɗaya. Mutum ɗaya ne zai kashe data ya sauko da ita, wajen gigabait 3, filashin kuma ya zagaya unguwa kaf, wannan karon da izinin masu ita.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damun mu. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba daidai ba ne mu tashi daga masu ɗauka a ɓoye mu koma masu karɓa kawai. Waɗannan manhajoji masu sa kai ne ke fassara su zuwa harsunan duniya, ƙofar kuma a buɗe take ga Hausa. Muna da samari a unguwar nan da suka iya Turanci da Hausa da Yarabanci da Larabci, suna zaune suna danna waya daga azahar zuwa isha. Me zai hana su zauna su fassara ko da shafi ɗaya ne a mako, don mahaifiyar da ba ta yi boko ba ta iya buɗe kwamfuta ta gane abin da take gani? Masu gyara ma ba abincinsu muke son toshewa ba. Wanda ya koyi girka Linux da koyar da ita ya sami sana'ar da zai karɓi kuɗinta ido na ganin ido, ba tare da ya kashe wani abu a cikin na'ura don kada ta tona shi ba. Kuma an karantar da mu cewa ilmin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum bayan ya kwanta dama.

Biyar daga cikin kwamfutocin makaranta sun koma Linux. Ta shida, wadda ake tsara shahadar sauka a kanta, kwamiti ya amince a tara kuɗi a saya mata lasisi, an kuma fara karɓa bayan sallar Juma'a. Yaron da ya yi tambayar shi muka naɗa ya riƙa koya wa malamai, mu ma muna cikin ɗalibansa, ranar Lahadi bayan la'asar. Wanda yake so ya gani da idonsa ya zo da kwamfutarsa, ya kuma zo da filashi.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke aiki da shi, Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.